3.4 Daidaita Sautin Rakoda a Ɗakunan Haɗejiya

Wannan sashe zai yi bayani a kan yadda ake daidaita babbar rakoda mai sifika biyu domin ta fitar da sauti garau. Sau da yawa mai kayan yakan ɗora wa na'urar laifi, ya sake kashe kuɗi a kan wata, alhali kuwa matsalar tana ga ɗakin da aka ajiye ta.

Sauti yana tafiya a cikin iska da gudun kimanin mita 343 a daƙiƙa ɗaya. Idan ya bugi bango sai ya dawo ya gauraya da wanda ke fitowa daga sifika. Alal misali, a ɗaki mai tsawon mita 4, amon da ke kaɗawa sau 43 a daƙiƙa, da ninkinsa, wato sau 86, su ne suke kumbura fiye da saura. Wannan ne ke sa ganga ta yi ruri har ta danne muryar mawaƙi. Abin ya fi tsanani a ɗakin siminti mai rufin kwano, saboda bangonsa sumul yake, ba ya shan sauti. Ɗakin ƙasa mai rufin azara ya fi shi dama ta wannan fuska, duk da cewa mutane sun fi son na simintin. Ana rage amsa-kuwwar ɗakin ne ta hanyar shimfiɗa darduma ko tabarmar kaba, da rataya labule mai kauri.

Dangane da mazaunin sifikokin kuwa, ana so tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da tazarar da ke tsakanin kowacce da mai sauraro. Ba a cusa su a kusurwa, kuma a bar kamar rabin mita tsakaninsu da bango. Abin lura a nan shi ne, siririn amo a miƙe yake tafiya, don haka dole sifika ta fuskanci kunne. Wanda yake zama a kan tabarma bai kamata ya ɗora ta a saman kabad ba, inda har ila yau kwanukan jere kan yi ƙara idan kiɗa ya yi nauyi. Haka kuma ba a ajiye ta a ƙasa. Garin yana bakin fadamar Kogin Haɗejiya, inda ruwa kan cika a watannin Agusta da Satumba, har ya yi ambaliya kamar yadda ya faru a shekarar 2020, ga shi kuma faifan cikin sifika galibi na takarda ne, laima tana sa shi laushi. Ɗan gajeren benci ya wadatar.

Bugu da ƙari, murɗa makunnin kakkauran amo zuwa ƙarshe kuskure ne babba ga mai sauraren waƙoƙin Alhaji Mamman Shata, domin kalangu yana bin karin sautin Hausa ne, hawa da sauka, kuma rurin yakan binne wannan. A zamanin kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a shekarar 1963, ƙurar hunturu takan taru a kan ƙarfen da ke karanta zaren, sauti ya dushe, sai an goge shi da auduga. Memori da wayar hannu sun kawar da wannan wahalar, amma ƙurar tana nan tana shiga makunnai, shi ya sa suke ƙarƙar idan an murɗa su.