Zaman Tare a Ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi

Wanda ya bi hanya daga Tamawa zuwa Kurfi ko Dutsin-Ma zai ga cewa Musulmi ne mafi yawa a wannan ƙasa. Amma akwai masu bi a cikinta, ko da yake ba su da yawa. Waɗansu malaman makaranta ne, waɗansu 'yan kasuwa, waɗansu kuma ɗalibai ne da suka zo daga jihohi dabam dabam tun da aka kafa Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma a 2011. A kasuwa ɗaya ake ciniki, ruwan madatsar Zobe kuma ba ya tambayar addinin manomi.

Bishara ba baƙuwa ba ce a Jihar Katsina. Mishan na SIM sun yi aikin jinyar kutare a Babbar Ruga tun zamanin Turawa, Maguzawa da yawa kuma sun karɓi bangaskiya a wajajen Malumfashi da Kafur. A 2023 aka kafa Dayosis na Katolika na Katsina, aka naɗa Gerald Mamman Musa, ɗan Malumfashi, ya zama bishop na farko. Wannan ya isa amsa ga mai cewa Bahaushe ba ya zama Kirista.

Zaman dai bai rasa ciwo ba. Dattawa ba su manta da watan Maris na 1987 ba, sa'ad da rikicin Kafanchan ya bazu har Funtua da Katsina, aka ƙone majami'u. Da jihar ta fara aiki da Shari'a a 2000, hankalin masu bi ya tashi. Har yau ana kukan wahalar samun filin gina majami'a, ko da yake sashe na 38 na tsarin mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya 'yancin yin addininsa.

Sai ga wata masifa ta zo wadda ba ta zaɓe. 'Yan bindiga sun addabi ƙauyukan Kurfi, Safana da Batsari, sun kwashe shanu, sun hana noma. A Disamba 2020 suka sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara. A Agusta 2025 suka kashe masallata a Unguwar Mantau ta Malumfashi ana sallar asuba. Hawayen uwa Musulma da na uwa Kirista iri ɗaya ne.

To, 'yan'uwa, me ya rage gare mu? Mu riƙe bangaskiyarmu ba tare da kunya ba, mu nemi hakkinmu ta wurin hakimi da hukuma, ba da zagi ba. Maƙwabci ya yi rashi, mu je ta'aziyya. Ya yi suna, mu je barka. Ranar Kirsimeti a aika masa da abinci, kamar yadda yake aiko mana da naman layya. Ubangijinmu bai zaɓi ɗan haikali ya zama misalin maƙwabci nagari ba, Basamariye ya zaɓa.

Allah ya ba ƙasarmu salama. Amin.