DAIMON NA ƘASA DA NA INJI: IDO BA YA RABA SU

Fatake da masu harkar zinari da duwatsu masu daraja a Ikko da Badun sun daɗe suna dogara da ido da kuma wata 'yar na'ura mai kama da alƙalami wajen gane daimon. To, wannan dabara ta daina isa, domin kuwa yanzu ana ƙera daimon a masana'anta, ga shi kuma ba jabu ba ne.

Shi daimon na ƙasa gawayi ne tsantsa wanda zafi da nauyin ƙasa suka matse a zurfin kilomita 150 zuwa 200, yawancinsa kuwa ya haura shekara biliyan ɗaya. A cikin 1954 masanan kamfanin General Electric na Amurka suka kwaikwayi wannan aiki da inji. Yau hanya biyu ake bi. Ta farko a matse gawayi cikin narkakken ƙarfe da zafin da ya wuce digiri 1,300. Ta biyu kuma a saka ɗan ƙwayar daimon cikin akwati, a hura masa iskar gas mai gawayi, ya yi ta tofo bene-bene. Cikin 'yan makonni an gama.

Abin da ya fito ɗaya yake da na ƙasa wajen tauri da ƙyalli da nauyi. Shi ya sa 'yar na'urar nan, wadda gudun zafi cikin dutse take aunawa, za ta tona asirin kwalba, amma in aka ɗora ta kan na inji sai ta ce daimon ne. Ba ta yi ƙarya ba, asalinsa ne ba ta sani ba.

To, ina bambancin? Yana can ciki. Kusan kashi 98 cikin ɗari na daimon ɗin ƙasa yana ɗauke da sinadarin naitirojin a dunƙule, shi kuwa farin na inji kusan babu shi. Wanda aka matse cikin ƙarfe wani lokaci yakan rage da ɓurɓushin ƙarfen, har maganaɗisu ya ɗan ja shi. Haka kuma kowanne da irin zanen tofonsa, wanda ba ya bayyana sai ƙarƙashin wani haske na musamman, kamar na na'urar DiamondView ta kamfanin De Beers. Irin waɗannan na'urori galibi a manyan ɗakunan bincike ake samun su, kamar na GIA da IGI.

Dalilin damuwa shi ne kuɗi. A 2018 De Beers ya fara sayar da na inji kan dala 800 kowane karat, watau kashi ɗaya cikin biyar na giram. A 2024 ya rage zuwa dala 500, a 2025 kuma ya ba da sanarwar rufe wannan reshe saboda faɗuwar farashi, ganin yadda masana'antun Sin da Indiya suka cika kasuwa. Saboda haka wanda ya biya kuɗin na ƙasa aka miƙa masa na inji, ko ya karɓe shi jingina, ranar sayarwa zai sha mamaki.

Mai saye ya nemi takardar shaidar ɗakin bincike. Ya sa madubin ƙara girma ya duba gefen dutsen, inda akan zana lamba da hasken leza, sau da yawa har da bayanin cewa ƙerarre ne. Ya gwada lambar da ta takarda, ya kuma tabbatar da ita wajen waɗanda suka bayar. Sa'an nan mai sayarwa ya rubuta asalin dutsen a rasit, ya sa hannu.

Sayen na inji ba aibu ba ne, musamman ga mai haɗa lefe da ƙaramin ƙarfi. Aibun shi ne a ɓoye. In mai kaya ya ƙi rubutawa, to, a bar masa abinsa.