Ƙaiƙayin Gaba da Farin Ruwa Lokacin Goyon Ciki

Uwargida, idan kina da juna biyu kuma ƙaiƙayin gaba ya hana ki sakat, ki sani ba ke kaɗai ba ce. A cikin mata 4, kusan 3 sukan gamu da wannan larura aƙalla sau ɗaya a rayuwarsu. Da yawa kunya ce ke hana su faɗa a wajen awo, sai su wuce kemis a haɗa musu "maganin sanyi", wanda sau da yawa ƙara dagula lamarin yake yi.

Me ke kawo shi?

Wata ƙwayar cuta ce dangin fumfuna, ana kiranta kandida. Tana zaune a jikin mata da yawa ba tare da ta yi illa ba, domin akwai ƙwayoyi masu amfani a cikin farji da ke taka mata birki. Sai ta samu sarari ta yi yawa sannan ciwo ke tashi. Ciki na ba ta wannan sarari saboda ƙaruwar sinadarin isturojin. Haka ma ciwon suga, da raunin garkuwar jiki, da shan kafso irin su Ampiclox barkatai, domin suna kashe ƙwayoyin nan masu amfani. Ba a masai ake ɗaukarsa ba, kuma ba alama ce ta cewa ke ko maigida wani ya ci amanar aure ba.

Alamominsa

Za ki ji ƙaiƙayi mai tsanani, ki ga farin ruwa mai kauri, guda-guda kamar kindirmo, wanda galibi ba ya wari. Wurin yakan yi ja ko ya kumbura, da raɗaɗi wajen fitsari ko saduwa. Amma farin ruwa tsinkakke marar ƙaiƙayi da wari, wannan ƙaruwarsa al'adar ciki ce.

Magani

Ki fara bari a duba ki, domin ba kowane ruwa ne kandida ba, kuma Flagyl ba ya maganinta. Mai ciki ana ba ta maganin cusawa da na shafawa, kamar kulotirimazol, wanda aka fi sani da Canesten, yawanci na kwana 7. Ki wanke hannu, ki cusa da yatsa a hankali idan za ki kwanta da dare. Ko ƙaiƙayin ya lafa a kwana na 3, ki ƙarasa. Kada ki sha ƙwayar fulukonazol, wato Diflucan, kina da ciki, domin tana iya ƙara haɗarin ɓari. Maigida ba ya buƙatar magani sai in shi ma yana jin ƙaiƙayi.

Ciwon ba ya taɓa ɗan da ke cikinki. Wani lokaci jariri kan ɗauka wajen haihuwa, a ga fari-fari a harshensa, wannan ma yana da magani.

Yadda za ki kiyaye

Ki yi tsarki da ruwa zalla, daga gaba zuwa baya, ki tsane jikinki. Ki guji wanke cikin farji da sabulu, Dettol ko alif, da cusa kayan matsi. Ki riƙa sa kamfai na auduga wanda bai matse ki ba, ki shanya shi a rana ya bushe sarai. Idan ciwon ya dawo har sau 4 a shekara guda, ki nemi a gwada miki suga.

Kada ki jira ranar awo

Ki taho asibiti nan take idan ruwan yana ƙarni ko ya koma rawaya ko kore, ko kin ga jini, ko kina ciwon mara ko zazzaɓi, ko ruwa yana zubo miki kamar faya ta fashe. Waɗannan ba alamun kandida ba ne, kuma jinkiri na iya kawo haihuwar bakwaini.

Maigida, kai ma da naka: ka rako ta, ka sayi maganin da aka rubuta, ka yi haƙuri da shimfiɗa har ta warke. Ke kuma ki faɗa wa ungozoma damuwarki kai tsaye, ba abin da za ki faɗa da kunnenta bai saba ji ba. Allah Ya sauke ki lafiya.