Awa Nawa Ke Isar Mai Ɗaukar Hoton Gajimaren Sararin Samaniya?

Masu ɗaukar hoton sararin samaniya don sha'awa sukan sanya mataci a gaban kyamarar da ke haɗe da madubin hangen nesa, domin ya tare kusan dukkan haske, ya bar siririn zirin da gajimaren iskar gas ke fitarwa kawai. Zirin haske iri uku aka fi nema, wato na haidirojin mai tsawon zango nanomita 656, da na oksijin mai 501, da na sulfa mai 672, kuma faɗin ƙofar matacin yakan kama daga nanomita 3 zuwa 7. Wannan dabara tana rage illar fitilun birni da farin wata, sai dai hasken da ke isa kyamara yakan yi ƙaranci ƙwarai, don haka dole a tara shi na tsawon sa'o'i.

Haske yana sauka ne ƙwaya-ƙwaya ba bisa tsari ba, kamar yayyafi a kan faranti, shi ya sa hoton da aka ɗauka cikin gajeren lokaci yake cika da ɗige-ɗige da masana ke kira hayaniya. Idan aka haɗa ɗaruruwan hotuna a kwamfuta, hayaniyar takan ragu, amma bisa ƙa'ida mai tsauri: wanda yake son tsabtar hotonsa ta ninka sau biyu, sai ya ninka lokacin sau huɗu. Mai awa 2 yana buƙatar awa 8, mai awa 8 kuma sai ya kai awa 32 kafin ya sake samun irin wannan ci gaba.

Saboda haka babu adadi guda da ya dace da kowa. Tsakiyar gajimaren Orion tana da haske sosai, har takan fito cikin mintoci, alhali a yawancin gajimare zirin oksijin da na sulfa sun fi na haidirojin rauni, suna kuma buƙatar kaso mafi girma na lokaci. Kyamarorin CCD na da, waɗanda ke ƙara hayaniya mai yawa duk lokacin da aka karanta hoto daga cikinsu, sukan buƙaci minti 20 zuwa 30 a kowane ɗauka, yayin da na CMOS kan wadatu da minti 3 zuwa 5, kodayake jimillar sa'o'in ce ke yanke hukunci.

Dogon haƙuri yana da ribarsa, domin a shekarar 2023 Marcel Drechsler da Xavier Strottner da Yann Sainty, dukkansu masu sha'awa, sun bayyana wani ƙaton gajimaren oksijin kusa da tarin taurarin Andromeda a hoton da ya ci sama da awa 100, a wurin da ƙwararru suka daɗe suna dubawa ba su lura da shi ba. Ma'aunin da ya fi dacewa shi ne mai ɗaukar hoto ya zaɓi ɓangare mafi dusashewa da yake son nunawa, ya kwatanta shi duk lokacin da ya ninka sa'o'insa, ya kuma tsaya idan ninkin bai fito da sabon abu ba, domin ya kashe sauran dararensa masu sarari a kan wani gajimaren.