Jiki ma baiwa ne: Yadda bangaskiya ke sa motsa jiki ya yi daɗi

Idan la'asar ta yi sanyi a garin Zuru, sai ka ji ganga da begila suna tashi daga farfajiyar coci. 'Yan Boys' Brigade ne ke atisayen fareti. Can gefe 'yan mata na tsallen igiya, wasu yara kuma na bin ƙwallo cikin ƙura. Kowa ya jiƙe sharkaf da gumi, amma dariya ake ta yi.

To, me ya sa ɗalibai da yawa ke ɓuya a aji da zarar an buga ƙararrawar wasanni? Wasu na ganin motsa jiki horo ne, domin sun saba sai an yi laifi ake sa su zagaye fili. Wasu sun ce WAEC da NECO sun matso, ba lokacin wasa. Wasu kuma waya ce ta riƙe su. Akwai ma masu zaton cewa mai bi na gaske ba ruwansa da jiki, ruhu kaɗai zai kula da shi.

Me Littafi Mai Tsarki ya koyar?

A wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, sura ta 6, Manzo Bulus ya kwatanta jikin mai bi da haikali, wato amana ce da za a kula da ita. A sura ta 9 kuma ya ba da misali da masu tsere da irin horon da suke yi wa kansu. A 1 Timoti 4:8 ya nuna cewa motsa jiki na da nasa amfani, ko da yake tsoron Allah ya fi shi. Ashe ke nan wanda ya fita gudu da safe yana gode wa Mahaliccinsa don ƙafafu da numfashi, bai ɓata lokaci ba.

Gadon gida

Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Zuru. An san Dakarkari, wato Lelna, da juriya. A bikin Uhola da ake yi bayan girbi, akwai kokawa da raye-raye. A al'adar Golmo kuma, samari kan yi shekaru suna noma tare a gonar surukai. Sirrin shi ne haɗuwa: aiki mai wuya kan yi sauƙi idan ana yin sa tare da waƙa da raha.

Darasi daga Eric Liddell

A gasar Olamfik ta 1924 a birnin Paris na Faransa, ɗan tseren Sikotilan Eric Liddell ya ƙi shiga tseren mita 100 da ya fi ƙwarewa a kai, saboda zagayen farko ya faɗo ranar Lahadi. Ya shiga na mita 400, ya kuma ci zinariya cikin daƙiƙa 47.6. A 1925 ya koma ƙasar Sin, inda aka haife shi, yana koyarwa da aikin bishara. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Japan suka tsare shi a wani sansani. Ko a can ɗin, shi ne ke shirya wa yara wasanni don su sami sa'ida. A nan ya rasu a 1945. Da lambar yabo ce tushen farin cikinsa, da ya ƙare tun a Paris.

Ko ka san ƙwallon kwando ma a makarantar ƙungiyar matasa Kirista ta YMCA aka ƙirƙiro shi? James Naismith ne ya fito da shi a Amurka a 1891.

Yaya za ka fara?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa yara daga shekara 5 zuwa 17 su riƙa motsa jiki na kimanin minti 60 a kullum. Hakan na ƙarfafa zuciya da ƙashi, yana kuma taimaka wa natsuwa a karatu. Ba sai da kayan tsada ba. Tafiya da sauri zuwa makaranta, tuƙa keke, langa, rawa a zumuntar matasa, duk suna cikin lissafi.

Zaɓi abin da kake so, ka fara kaɗan-kaɗan. Guji zafin rana, ka sha ruwa sosai. Idan kana da sikila ko asma, tuntuɓi likita tukuna. Ka kuma gayyaci abokinka, Kirista ne ko Musulmi, domin fili na kowa ne. In an ci ku, ku miƙa hannu. In kun ci, ban da gori.

Gobe idan aka buga ƙararrawa, kada ka ɓuya. Ɗaure takalminka, ka yi gajeriyar addu'ar godiya, ka fito fili.