Saniya ɗaya a turke, cuku a faifai

Shirin namu na yau ya nufi gabashin Sakkwato: Wurno, inda Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rasu a 1837, da Rabah mahaifar Sardauna, da Goronyo mai madatsar ruwa a kan gulbin Rima. Ƙasa ce ta shinkafa da albasa da tafarnuwa. Tambayarmu ita ce: magidanci a nan zai iya ɗaure saniyar tatsa guda ɗaya a gida, iyalinsa su riƙa yin cuku?

Saniyar tana nan a ƙofar gida. Bokolo ce, wadda littattafan kiwo ke kira Gudalin Sakkwato: fara-fara, mai gajeren ƙaho, mai tozo, ga sanyin hali. Tana cikin shanun Najeriya da aka fi yaba wa wajen nono. Wanda ya shiga kasuwar Achida nemanta, dillali zai buɗe masa bakinta ya ga haƙora, don a nan shekaru suke. Sai a duba hantsa, a tambayi haihuwarta nawa.

To amma ga inda masu sha'awa ke tuntuɓe. Saniyarmu ba ta sakin nono sai ta ga ɗanta. Sai an sako maraƙi ya fara tsotso, sannan a janye shi, a ɗaure kusa da ita, mai tatsa ta durƙusa da ƙwarya. In maraƙin ya mutu, nono na iya ɗaukewa. Makiyaya sun daɗe da dabarar wannan: a feɗe fatar maraƙin, a cusa mata ciyawa, a ajiye gaban uwar. Tana shinshinawa, tana lasa, nono na zuba. Saboda haka mai sayen saniyar tatsa baki biyu ya saya, ita da ɗanta. Baki biyu, masu sauraro, kuma madarar ma rabawa za a yi.

Shi kuwa cuku, gwanayensa Buzaye da Fulanin Nijar ne. Da ɗuminta ake ɗaukar madara, a zuba mata ruwan da aka jiƙa busasshen tumbin ɗan akuya mai shan nono. Ba a jimawa ta kama. A zuba a kan asabarin kara, ruwa ya tsane, a shanya a rana har ya bushe ƙamas. Faifan cuku ɗaya kan ci wajen lita guda ta madara, kuma yana yin watanni bai lalace ba, babu firiji. Fulanin Kwara da Binin kuwa tumfafiya suke sa wa madara a kan wuta, su sami cuku mai laushi. Ita ma tumfafiya ba ta da wuya a Rima.

A yi lissafi. Saniyar da ba ta samun ƙari, lita ɗaya zuwa biyu ake tatsa a yini bayan maraƙi ya sha. Cuku ɗaya ko biyu ke nan. Mai son fiye da haka sai ya tanadi harawa da dusa da angurya da kanwa tun kaka, kafin bazara ta tsauwala farashi.

Lokaci na neman ƙure mana, amma akwai haɗurran da za a kiyaye. Kiwon fadama na kawo ciwon hanta. Bakkale da tarin fuka suna bin ɗanyar madara su kama mutum, kuma busasshen cuku ba a dafa madararsa. Ga ɓarayin shanu da suka addabi ƙauyukan Rabah da Goronyo, abin da ya sa turke a cikin gari ya fi kwanciyar hankali.

Don haka kafin a biya la'ada, a kira malamin dabbobi ya duba saniyar, a yi mata rigakafin ciwon huhu.