Mai Saita Wutar Babur

A garejin babura akwai aikin da kowane yaron shago ke iya ƙwarewa a kai kafin shekara ta zagayo: juye baƙin mai, ɗaure sarƙa, wanke kafireta. Akwai kuma aikin da sai an jira mutum ɗaya, ko da zai kai la'asar bai iso ba. Saita wuta yana cikin na biyun, musamman idan an cire wa babur ƙwaƙwalwar da kamfani ya sa masa aka ɗora wata ta kasuwa.

Abin da ake saitawa lokaci ne, kuma ɗan ƙanƙane. Fetur da iskar da fistin ya matse ba sa ƙonewa nan take da zarar fulogi ya ba da tartsatsi. Wutar tana buƙatar kamar kashi biyu cikin dubu na daƙiƙa kafin ta game. Saboda haka dole a kunna ta tun fistin bai kai ƙololuwa ba, domin ƙarfin turin ya riske shi ya ɗan fara gangarowa, wajen digiri 15 bayan ƙololuwar. Matsalar ita ce fistin ba ya jiran kowa. Injin da ke zagaye 1,500 a minti yana cin digiri 9 a cikin kashi ɗaya bisa dubu na daƙiƙa. Idan ya kai zagaye 6,000, digiri 36 yake ci. Shi ya sa yawancin babura ke ba da wuta tsakanin digiri 10 zuwa 15 kafin ƙololuwa idan suna silo, su matsa zuwa 30 ko 35 idan an murɗa totur. Kamar lugude ne: taɓarya biyu a turmi ɗaya, wadda ta riga lokacinta ta yi karo da 'yar'uwarta, wadda ta makara ta ɓata kiɗan.

Da can kwantak ne ke wannan aiki, bakanike ya saita shi da sukudireba. Sai CDI ta shigo, wadda Kawasaki ta sa wa babur ɗinta H1 tun 1969, kuma ita ce a jikin Jincheng da Boxer da suka cika titunanmu. Daga baya aka samu ƙwaƙwalwa mai riƙe da wuta da mai gaba ɗaya. Ta kasuwa kuwa iri-iri ce. Akwai MegaSquirt da Bruce Bowling da Al Grippo suka fitar a Amurka a 2001, da ƙanwarta MicroSquirt da masu babura suka fi so saboda ƙanƙantarta; akwai Speeduino ta Josh Stewart daga Ostareliya; akwai Ignitech ta ƙasar Cek. Mai babban babur ɗan gwanjo yakan koma gare su idan tasa ta ƙone kuma ba a samun irinta, ko idan an yi wa injin gyaran da ta kamfani ba ta san da shi ba.

Ita dai ƙwaƙwalwa ba ta ganin fistin. Haƙora take ƙirgawa. A jikin karanshaf akwai faifai mai haƙora, sananne a ciki shi ne mai gurbi 36 da aka cire wa haƙori ɗaya, kowane haƙori digiri 10, giɓin kuma shi ne mafarin ƙirga. Sansa tana gefe tana aika saƙo duk lokacin da haƙori ya gifta. Ta kamfani an haife ta da sanin tazarar da ke tsakanin giɓin nan da ƙololuwar fistin. Ta kasuwa sai an gaya mata, kuma duk abin da aka gaya mata ta yarda. Idan an yi kuskuren haƙori ɗaya, kwamfuta za ta ci gaba da nuna digiri 12 hankalinta kwance, alhali wutar tana faɗawa a 22 ko a 2.

A nan ake gane gwani. An turo babur, mai shi yana haki, ya ce da ƙyar yake tashi, sitata na juyi sai ta tsaya cak kamar an riƙe ta, wani lokacin kuma ya yi harbi ta salansa.

"Maigida, na duba da kwamfuta, komai daidai yake. Sha biyu take nunawa."

"To, Alhaji. Bari mu ji ta bakin ƙarfen."

Ba zai ko buɗe kwamfutar ba tukuna. Fulogi zai cire, ya ɗaura wani ɗan ƙarfe a raminsa mai tare fistin, ya juya injin da sufana a hankali har ya tokare, ya sa alama. Ya juya ta baya har ya sake tokarewa, ya sa wata. Tsakiyar alamomin biyu ita ce ƙololuwa ta gaskiya. A injina irin na Honda akwai harafin T da na F a jikin maganeto, ɗaya na ƙololuwa, ɗaya na wuta, amma ba ya amince musu ido rufe, domin ɗan makullin da ke riƙe maganeto a kan karanshaf yana iya yagewa, maganeton ya zame, alamun su tafi da shi. Bayan nan ne zai shiga kwamfuta ya kulle wutar a digiri 10, kada ta motsa komai gudun injin, ya maƙala fitilar taimin a wayar fulogi, ya haska ta ɗan ramin dubawa. Fitilar tana walƙiya daidai lokacin tartsatsi, sai ka ga maganeton da ke juyi kamar ya tsaya. Idan alamar ta tsaya a 18 maimakon 10, an samu ɓarawon: digiri 8 ne za a gyara a lambar tazarar, har ido da allon kwamfuta su yi magana ɗaya.

Rabin masu wannan aiki a nan suke tsayawa, su ce an gama. Gwani sai ya ce wa yaronsa ya murɗa totur, shi kuma idonsa na kan alamar. Tunda an kulle wutar a 10, bai kamata alamar ta gusa ba ko an kai zagaye 5,000. In ta fara rarrafe tana barin wurinta, akwai sauran magana. Sansa mai waya biyu, wadda maganaɗisu da naɗin waya ne kawai a cikinta, ba ta ƙin aiki idan an juya wayoyinta. Babur zai tashi, ya yi silo lafiya lau. Sai dai ƙwaƙwalwar za ta riƙa kama saƙon ta gefensa mai santsi maimakon gefen da ke faɗuwa tsaye, wurin kamun kuma yana sauyawa da gudu. Maganin shi ne musanya waya biyu. Na sha jin an sayi sabon kwayil, an sauya famfon mai, har an zargi ƙwaƙwalwar da cewa jabu ce, a kan waya biyun nan.

Ita kanta fitilar tana iya yin ƙarya. Babura da yawa suna ba da tartsatsi a kowane zagaye, ɗaya na aiki, ɗaya a banza lokacin fitar hayaƙi. Fitila mai maɓallin lissafin digiri tana ɗaukar sau ɗaya ake yi a zagaye biyu, sai lissafinta ya karkace. Shi ya sa tsofaffin hannu ke barin maɓallin a sifili su zana nasu alamun da farin fenti.

Wata cutar kuma ba ta zama wuri ɗaya. Babur yana tafiya sumul, ya kai wani gudu sai ya yi tuntuɓe, ya yi tari, ya ci gaba. Yawanci hayaniyar lantarki ce: an bi da wayar sansa kusa da ta kwayil, ko an sa fulogi marar harafin R a lambarsa, wato marar abin rage hayaniya a ciki, ko wayar da ke sauke wuta a jikin firam ta yi tsatsa. Ƙwaƙwalwa ta ga haƙorin da babu shi, ƙirga ta rikice, ta yanke wuta har giɓi ya sake zagayowa. Manhaja irin TunerStudio tana ƙirga sau nawa hakan ya faru, kuma lambar nan ta fi kunnen kowa gaskiya. Batir mai rauni ma yana kawo irin wannan lokacin tayarwa. Kwayil kuwa jinsi biyu ne. Na CDI idan aka haɗa shi da ƙwaƙwalwar da ke cika kwayil na tsawon kashi uku cikin dubu na daƙiƙa, zafi zai yi har wani abu ya ƙone. Injin mai silinda biyu masu siffar V yana da nasa rikicin, domin ba a tazara ɗaya suke ba da wuta ba: Harley-Davidson 315 da 405 ne, wanda ya shigar da 360 ya saita silinda ɗaya ya kashe ɗaya.

Sai an share duk waɗannan ake taɓa jadawalin wutar kansa, kuma a nan nake ganin aikin ya koma na hankali fiye da na hannu. Jadawali a intanet kyauta ne, amma wanda aka tsara a Jamus da fetur mai lamba 98 da sanyin kaka ba zai yi wa babur ɗin da ke cunkoson Kano a watan Afrilu ba, zafi ya haura digiri 40, man kuma wataƙila na galan ne a bakin titi. Wutar da ta yi gaba da yawa a irin wannan hali tana sa sauran man ya fashe da kansa, a ji wani siririn ƙaras-ƙaras idan an buɗe totur a babbar giya. In an bar shi, fistin yake hudawa. Wadda ta yi baya ba ta fasa komai nan take, amma babur ya yi nauyi, ya sha mai, wuyan salansa ya yi ja. Na'urar auna ƙarfin inji ba kowane gari ke da ita ba, don haka hawan tudu a giya ta huɗu shi ne ɗakin gwaji. Mai hankali yakan janye digiri 2 ko 3 daga inda babur ya fi zafin nama, ko da mai shi ya ɓata rai.

Ƙananan babura ma ba su tsira ba. 'Yar CDI da ake sayar wa samari da sunan ta gudu, akasari abin da take yi shi ne tura wuta gaba da cire iyakar zagaye. Wata daga maganeto take shan wuta, wata daga batir, kuma soket ɗinsu kan yi kama. Idan kik ya fara dukan ƙafa bayan an sa ta, ba sai an nemi fitila ba.

Wahalar sana'ar tana wurin biya. Mutanenmu sun saba biyan kuɗin abin da suka gani an cire an sa sabo. Wanda ya yini a tsugune da fitila da mita da tsohuwar kwamfutar da batirinta ba ya riƙe caji, a ƙarshe ya musanya waya biyu ya sauya lamba ɗaya, sai a ce masa, "Haba maigida, ai ba ka sa komai ba." Wasu saboda haka suke haɗawa da sabon fulogi ko da tsohon lafiyarsa ƙalau, don ciniki ya yi sauƙi. Masu tsoron Allah a cikinsu sukan yanke kuɗin aiki tun kafin su ɗauki sufana, su kuma tura wa mai babur kwafin saitin a wayarsa, saboda ranar da ƙwaƙwalwar ta lalace ko ya tafi wani gari kada a fara daga farko.